Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazari kan Gurɓatar Muhalli daga Dattin Sarrafa Rogo a Nijeriya

Tsakure

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma mafi yawan abin da ake haƙowa ana sarrafa shi ne a ƙananan rumfuna, inda mata da matasa suke yin garin kwaki da alabo da fufu da sitati. Wannan maƙala ta bi sawun abubuwan da ke fita daga waɗannan rumfuna, wato ɓawo da ruwan matsa da ruwan jiƙo da hayaƙi, ta duba abin da kowannensu yake yi wa ruwa da ƙasa da iska da lafiyar mutane da dabbobi. Ta nuna cewa gubar sayanaid da aka fi jin tsoro takan yi ɓarnarta cikin kwanaki ta gushe, amma tsami da ruɓewar sitatin da ke cikin ruwan matsa su ne suke kashe rafi a hankali. Ta kuma nuna cewa dokokin muhallin da muke da su an ɗinka su ne daidai jikin manyan masana'antu. Matsayar maƙalar ita ce a tare ruwan nan tun daga gindin matsa, kafin ya gauraya da wani ruwa, a kuma samar wa ɓawo kasuwa.

Fitilun kalmomi: rogo, ruwan matsa, ɓawo, sayanaid, gurɓatar muhalli.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta ratsa garuruwan masu suyar gari a Binuwai ko Kogi ko Oyo ya san hancinsa ne yake fara gaya masa an iso. Tun kafin ya hango rumfunan kwano, wani wari mai tsami zai cika motar. A bakin titi ga buhunan gari, fari da na manja, an jera su gwanin sha'awa. Wanda ya sauka ya zagaya bayan rumfa kuwa, zai tarar da tsibin ɓawo ya yi baƙi yana tururi, ƙudaje sun yi masa rumfa, ga kuma wata 'yar kwata ɗauke da farin ruwa kamar gasarar koko, tana gangarawa inda ƙasa ta karkata. Ko ciyawa ɗaya ba ta tsira a gefenta.

Mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri mudu kawai yake gani. Zai jiƙa garinsa da sukari da gyaɗa, ko a tuƙa masa teba, bai san inda aka bar sauran saiwar ba. Alhali kuwa abin da ya iso kwanonsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin rogon da aka haƙo ba. Sauran ya tsaya can a garin da aka yi aikin.

Maƙalar za ta amsa tambayoyi uku. Mene ne ainihin abin da ke cikin wannan datti? Ta wace hanya yake cutar da muhalli? A wane mataki na aikin ne gyara zai fi sauƙi da araha? An dogara ne da abin da masana kimiyyar abinci da na muhalli suka riga suka tabbatar, da nassin dokokin ƙasa, da kuma lissafin misali wanda kowa zai iya bi da biro da takarda.

2.0 Matsayin Rogo a Nijeriya

Asalin rogo daga Kudancin Amurka yake. Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, amma bai karɓu sosai a ƙasar Yarabawa da kewayenta ba sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka dawo daga Birazil da sanin yadda ake gurza shi a matse a soya. Yau Nijeriya tana noma kimanin tan miliyan 60 a shekara, bisa alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Jihohin kudu da na tsakiya ne kan gaba, kuma ana noma shi da yawa a Nasarawa da Neja da Taraba da kudancin Kaduna.

Gwamnatoci sun daɗe suna zuga nomansa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shiri na musamman kan rogo, daga baya aka fito da manufar sa kashi 10 cikin 100 na garinsa a fulawar burodi. A zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, daga 2011 zuwa 2015, an sake tayar da maganar burodin rogo. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike sun fitar da irin da ke ba da amfani mai yawa, kamar TMS 30572 da TME 419. Duk wannan ƙoƙari kan ƙara yawan saiwa ya tafi. Lissafin ɓawo da ruwan da za su biyo baya bai samu irin wannan kulawa ba.

Akwai halin rogo guda biyu da suka sa matsalar ta zama yadda take. Na farko, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na saiwar ruwa ne, don haka ɗaukarta zuwa nesa asarar kuɗin mota ce. Na biyu, da zarar an haƙo ta, cikin kwana biyu zuwa uku za ta fara baƙi ta lalace. Dole ke nan a sarrafa ta kusa da gona, kuma cikin gaggawa. Shi ya sa masu aikin suke taruwa wuri guda, kusa da injin gurza, kusa da titi, kusa da rafi.

3.0 Matakan Sarrafawa da Dattin da Kowanne Ke Fitarwa

3.1 Ɓawo

Aikin gari da fira yake farawa. Mata sukan zauna a da'ira da wuƙaƙe, kowace da tsibinta. Ɓawon da ake ferewa, haɗe da tsokar da wuƙa take ɗebowa da ƙananan saiwoyin da ake watsarwa, yakan kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nauyin rogo. Idan aka ɗora wannan a kan tan miliyan 60, ana maganar tan miliyan 6 zuwa 12 ke nan a shekara. Da rani akan shanya wani a ba awaki. Da damina, lokacin da rana ba ta da tabbas, sai a tara shi ya ruɓe, ko a jira ya ɗan sha iska a cinna masa wuta.

3.2 Ruwan matsa

Bayan wanki sai inji ya gurza rogon ya koma ƙullu. A zuba a buhu, a ɗaure baki, a bar shi kwana biyu zuwa huɗu ya yi tsami. Daga nan a jera buhunan tsakanin katakai, a ɗaure da jak irin na mota ko a danne da manyan duwatsu. Ruwan da ke tsiyayowa daga ramukan buhu shi ne ruwan matsa. Kowane tan na rogo yakan ba da kimanin lita 250 zuwa 300. Ba shi da yawa idan aka kwatanta da ruwan wanki, amma shi ne ya kwaso mafi yawan guba da tsami da narkakken sitati. A mafi yawan wurare, matsar a kan tsurar ƙasa take.

3.3 Ruwan jiƙo da na tace sitati

Masu fufu da alabo jiƙa rogo suke yi a duro ko rami na kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi. Ruwan da ake tsiyayewa daga nan ya fi kowanne wari. A wasu ƙauyuka ma a cikin rafin kansa ake nutsa buhunan, wanda hakan yake nufin gubar ta shiga ruwan jama'a kai tsaye. Masana'antun sitati kuwa sukan yi amfani da dubban litoci na ruwa kafin su fitar da tan ɗaya, su kuma bar tuƙa mai ɗanshi da ke tsami cikin kwana ɗaya.

3.4 Hayaƙi da tururi

Mataki na ƙarshe shi ne suya a babban kasko a kan murhun itace. Mai suya takan yi sa'o'i a sunkuye tana juyawa da sakaina, fuskarta cikin hayaƙin ice da tururin gari. A cikin wannan tururi ne ragowar guba take fita.

4.0 Gubar Sayanaid: Daga Kwanon Mai Ci zuwa Kwata

Rogo yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, da ɗan'uwansa lotostiralin wanda bai kai shi yawa ba. Muddin saiwa tana lafiya lau, waɗannan ba sa cutarwa, domin inzayim ɗin da ke farfasa su, linamares, a wani sashe dabam na ƙwayar halitta yake. Gurzawa ce take haɗa su. Da sun haɗu sai linamarin ya rikiɗe ya zama sayanohaidirin, shi kuma ya saki gubar haidurojin sayanaid. Wannan dabara ce da shukar take kare kanta daga masu cinta. Irin da ake kira mai zaƙi bai kai miligiram 50 na guba a kilo ɗaya ba, mai ɗaci kuwa yakan ninka haka sau da yawa. Ɓawo ya fi tsoka guba, kuma fari yana ƙara mata ƙarfi.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan ba a cire gubar nan ba. A 1938 wani likita ɗan Italiya, Jobani Turoli, ya bayyana cutar konzo a Kwango, wadda take shanye ƙafafu farat ɗaya. A 1981 ta ɓarke a lardin Nampula na Mozambik lokacin fari, ta nakasa mutane fiye da dubu. A nan gida, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi da ke addabar manya a yankin Ijebu da yawan cin rogon da bai samu kyakkyawan gyara ba, tun a shekarun 1960. Saboda irin wannan ne ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade cewa kada guba ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya na garin rogo.

Don haka tsimawa da matsa da suya su ne suke tsare rayuwar mai ci, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage su don a rage datti. Tambayar da ta rage ita ce: gubar da aka cire daga kwano, ina ta tafi? Kwata ta shiga.

A nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Haidurojin sayanaid yana tafasa ne a zafin digiri 26 kacal, saboda haka a yanayinmu yakan bi iska ya tafi. Amma sayanohaidirin yakan zauna daram a cikin ruwa mai tsami, kuma ruwan matsa mai tsami ne. Sai ya gangara ya haɗu da ruwan rafi wanda ba shi da tsami, sannan ya warware ya saki gubarsa. Ma'ana, ruwan yana ɗauke da gubar a ƙunshe har ya kai ta inda kifi yake. Kifi kuwa ba ya jure ko kaɗan: hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar sayanaid a ruwan da halittu ke rayuwa a maikurogiram 22 a lita ɗaya na ɗan lokaci, da 5.2 na dogon lokaci. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, alhali gubar da ke cikin sabon ruwan matsa da miligiram ake auna ta, gommai ko ɗaruruwa.

Makiyaya da masu kiwon gida sun san wannan tun kafin masana su auna. Akuyar da ta kafa kai a sabon ruwan matsa, ko ta cika ciki da ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci, takan fara haki da tangaɗi, kumfa na fita a baki, wani lokaci kafin a nemo wuƙa ta mutu. Gubar tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin ne, sai dabba ta shaƙe alhali tana numfashi. Rigingimu da dama tsakanin masu gari da maƙwabtansu a kan irin wannan asara suke tashi.

5.0 Yunwar Oksijin da Tsami: Ɓarnar da Ke Daɗewa

Da guba kaɗai ce matsala, da an bar ruwan a buɗe na wasu kwanaki an huta. Abin da ya fi daɗewa shi ne abincin da ke cikinsa. Ruwan matsa cike yake da sitati da sukari, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke cikin rafi sukan far musu da ci. Wajen cin nan suna zuƙe oksijin ɗin da ya narke a ruwa, wanda da shi kifi da sauran halittu suke numfashi. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke taƙaitawa da BOD, mu kuma za mu kira shi yunwar oksijin. Ruwan kwatar gidaje yakan nuna miligiram 200 zuwa 300 a lita. Ruwan matsar rogo yakan nuna dubbai, har zuwa dubu goma da ɗoriya.

Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwan rafi mai tsabta, a zafin ƙasarmu, oksijin ɗin da take riƙewa bai wuce miligiram 8 ba. Idan muka ɗauki yunwar ruwan matsa a miligiram 10,000, to lita ɗaya tasa za ta cinye oksijin ɗin lita 1,250 na rafi. Duro ɗaya mai lita 200 zai shaƙe lita 250,000. Yanzu a ɗauki rumfar da ke sarrafa tan 5 a rana: za ta fitar da kimanin lita 1,500. Rumfuna 20 irinta a unguwa ɗaya za su fitar da lita 30,000, kusan cikin tankar mai guda, kowace rana ta Allah. Da damina ambaliya takan tsarma shi ta wuce da shi. Da rani, lokacin da rafi ya koma ɗan zare kuma jama'a suka fi dogara da shi, babu abin da zai tsarma shi.

Idan oksijin ya ƙare, wasu bakteriya da ba sa buƙatarsa sukan karɓi aikin. Su ne suke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su mayar da laka baƙa ƙirin. Ruwan da mata suke wanki a cikinsa sai ya koma abin toshe hanci, kifi da kaguwa su ɓace, ƙudaje da sauro su gaje wurin.

Sai kuma tsami. A ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, tsimammen ruwan rogo yakan sauka zuwa wajen 4. Ƙasar da take shan irin wannan kullum takan yi tsami fiye da abin da yawancin amfanin gona zai jure, sitatin kuma ya toshe ƙofofinta ta daina shan ruwa da iska. Wannan ne dalilin faƙon da ake gani a kewayen matsa. Inda ƙasa take da yashi, ruwan yakan nutse ya tarar da rijiyoyi marasa zurfi, ɗanɗanonsu da warinsu su sauya.

Tsibin ɓawo ma yana da nasa rabon. Ruwan sama yakan ratsa shi ya wanko guba da tsami zuwa kwata. Cikinsa, inda iska ba ta shiga, yana fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Idan aka ƙona shi kuma, hayaƙin ya shiga gidaje.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne matan da ke aikin da 'ya'yan da suke goye. Ciwon kai da jiri da raɗaɗin ido koke ne da aka saba ji a bakin kasko, musamman a rumfar da aka rufe ta ko'ina. Jiki yana iya sarrafa 'yar guba kaɗan ya mayar da ita tayosayanet ya fitar a fitsari, sai dai shi wannan sinadari yana hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata, abin da ke taimaka wa fitowar maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci.

6.0 Doka da Giɓinta

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Bayan da aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekarar. A 1992 aka yi dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. A 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, wato NESREA, wadda a 2009 ta fitar da ƙa'idoji kan masana'antun abinci da abin sha, da wasu kan tsabta da zubar da shara.

Waɗannan ƙa'idoji suna magana ne da kamfani mai rajista, mai adireshi, mai bututu guda wanda jami'i zai je ya ɗebi ruwa ya kai ɗakin gwaji. Matar da take hayar matsa na yini ɗaya ta soya buhu uku ba ta cikin wannan hoto. Ita kaɗai ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba. Idan suka kai ɗari a gefen rafi ɗaya, sun kai masana'anta, amma babu mutum ɗaya da za a riƙe. Nazarin da FAO da asusun bunƙasa aikin gona na duniya, wato IFAD, suka wallafa a 2001 kan tasirin noman rogo da sarrafa shi ga muhalli ya ja hankali kan wannan, cewa matsalar takan tsananta ne a inda masu sarrafawa suka yi cunkoso.

Hukumar da ta fi kusa da wurin ita ce ƙaramar hukuma, kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ba ta aikin kwashe shara da kula da magudanan ƙazanta. A aikace, an fi ganin mai karɓar haraji a rumfunan nan fiye da dubagari. Kora da rufe wuri kuma ba magani ba ne: masu aikin za su koma wani rafin ne kawai, abinci ya ƙara tsada.

7.0 Abin da Aka Gwada Ya Yi Aiki

A Ibadan, masu bincike na cibiyar kiwon dabbobi ta ILRI tare da IITA sun fito da wata hanya a wajen 2015. Maimakon a shanya ɓawo yadda yake, sai a gurza shi da irin injin da ake gurza rogo, a matse, a tankaɗe, sannan a shanya ko a soya. Shanyar da take cin kwana biyu zuwa uku sai ta koma sa'a shida zuwa takwas, guba ta sauka, fumfuna ba ta samu damar kamawa ba. Kimanin tan 3 na ɗanyen ɓawo yana ba da tan 1 na busasshiyar dusa, wadda take maye gurbin wani kaso na masara a abincin kaji da kifi da dabbobi. Armashin wannan hanya shi ne kayan aikinta suna nan a rumfar tun da ma. A nan ne kuma Arewa take da ruwa da tsaki: yankin da ya fi kowanne dabbobi, wanda masu kiwonsa suke kuka da tsadar dusa da harawa duk rani, shi ne kasuwar da ɓawon yake jira. Motocin da ke kai shanu kudu za su iya dawowa da shi.

A Birazil, inda ake kiran ruwan matsa manipuwera, mutanen jihar Para sukan bar shi ya kwanta, su kwashe sitatin, su tafasa ruwan sosai har guba ta fita, ya zama romon tukupi da ake dafa agwagwa da shi a birnin Belem. A arewa maso gabashin ƙasar kuma an daɗe ana gwada shi a matsayin taki da maganin tsutsar saiwa, bayan an ajiye shi ya huce an kuma tsarma shi, domin yana da sinadarin fotashiyam mai yawa. A gida ma, Urhobo da Itsekiri na jihar Delta sun daɗe suna tara sitatin rogo suna tuƙa shi abinci.

A Tailan, inda manyan masana'antun sitati suke, musamman a lardin Nakon Racasima, da can tafkuna ake haƙawa a zuba ruwan ya yi ta wari. Tun daga farkon shekarun 2000 masana'antu da yawa suka koma rufe shi a manyan tankuna da tafkuna masu murfi, suna tara gas ɗin da ke fita suna busar da sitati da shi, wasu har da samar da lantarki. A ƙaramin mataki ma ana iya yin haka, da sharaɗin a kashe tsamin da toka ko farar ƙasa, a kuma gauraya da kashin shanu don bakteriya su samu ƙarfi.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, kowace matsa a dasa ta a kan daɓen siminti mai gangare zuwa duro ko ƙaramin tanki. Ruwan tan guda duro ɗaya da rabi ne kacal. A wannan mataki ana iya ɗaukarsa. Da ya gauraya da ruwan wanki da na sama, ya fi ƙarfin kowa.

Na biyu, a bar ruwan ya kwana, a kwashe sitatin da ya kwanta a sayar wa masu wanki da guga ko masu abinci. Sauran a wuce da shi rami mai daɓe, a zuba masa tokar murhun suya, a bar shi a buɗe na kwanaki kafin a tsarma a kai gona. A kewaye ramin da shinge saboda yara da dabbobi, a kuma nisanta shi da rijiya.

Na uku, a hana jiƙa rogo a cikin rafi. Wannan hukunci ne da dagaci da mai unguwa za su iya zartarwa ba tare da jiran Abuja ba.

Na huɗu, ƙananan hukumomi su yi hulɗa da ƙungiyoyin masu sarrafawa a matsayin jiki ɗaya, su ware wani kaso na harajin da suke karɓa don gina ramuka da dandamalin shanya na haɗin gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ƙungiyoyin masu kiwo da masu haɗa abincin kaji su ƙulla ciniki kai tsaye da masu gyara ɓawo. Abin da yake da farashi ba ya kwana a juji.

Na shida, rumfar suya ta kasance a buɗe ta gefe, murhu ya samu bututun hayaƙi, a kuma nisanta jarirai daga bakin kasko.

Na bakwai, duk wani sabon shirin gwamnati na faɗaɗa noman rogo ko kafa masana'antarsa, musamman a jihohin Arewa inda rafuka suke ƙafewa da rani, ya zo da kasafin kula da dattinsa tun daga takardar farko. Jami'o'i da kwalejojin noma kuma su riƙa auna ruwan rafuka da rijiyoyin da ke kusa da rumfuna, rani da damina, su bayyana sakamakon cikin harshen da masu aikin suke ji.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dattin rogo yana cutarwa ta fuska biyu: guba mai saurin kisa da ke gushewa cikin kwanaki, da kuma tsami da yunwar oksijin da ake sabuntawa kullum har rafi ya mutu. Ta nuna cewa taruwar ƙananan masu sarrafawa ce take mayar da ƙaramin abu babba, kuma doka ba ta hango su ba. Ta kuma nuna cewa abin da ke ɓata rafukan nan sitati ne da taki da abincin dabbobi da makamashi, waɗanda duk kuɗi muke sawa mu saya a wani wuri.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Na rafukan garuruwan masu gari an san abin da ya tsamar da shi, an san inda yake fitowa, an kuma san yawansa: duro ɗaya da rabi a kowane tan. Kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna da ƙungiyoyin masu sarrafawa shi ne, kafin a ƙara dasa wata matsa a ƙasarsu, a fara gina inda ruwanta zai zuba.